Abin da hawan jini yake yi wa zuciya a ɓoye

Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna a wata fada ta unguwar Birni, a Damagaram, da wani ma'aikacin jinya.

Hawan jini kan shekara da shekaru ba ya ciwo, amma zuciya tana can tana wahalar tura jini. A hankali bangon ɗakinta na hagu sai ya yi kauri ya sandare, daga baya ƙarfinta ya ragu. A lokacin ne mutum zai ga yana haki daga ɗan tafiya, ƙafafu sun kumbura, da dare kuma sai ya tara matasai kafin numfashi ya daidaita. Ma'aikacin jinyar ya ce kada a jira wannan mataki.

Duk wanda tansiyonsa (awon hawan jini) ke kai 14/9, wato 140/90, a awo daban-daban, ya nemi likita ya rubuta masa ECG, wanda ke nuna yadda bugun yake. Sai dai ECG kan fito lafiya lau alhali kaurin ya fara, shi ya sa hoton eko na zuciya, wanda ke nuna kaurin bangonta, ya fi bayyana gaskiya. A haɗa da gwajin jini da na fitsari, domin ƙoda ma tana taɓuwa.

An daɗe kan gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kuma dunƙulen magi da kanwa suna cikin lissafi. Babban abin damuwa shi ne masu ajiye magani da zarar sun ji sauƙi, alhali maganin ne ya saukar da awon. Likita kaɗai ke rage shi ko canza shi.