Taƙaitawar abin da aka tattauna kan ɗan kasuwa da doka a Najeriya

1. Kowa ya yarda cewa Kundin Tsarin Mulki na 1999 yana sama da kowace doka, kuma sashe na 1(3) ya soke duk dokar da ta saɓa masa gwargwadon saɓawarta.

2. An fi daɗewa kan rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, bashin shagonsa yana wuyansa, har ana iya kaiwa ga gidansa da motarsa. Kamfani mai iyakantaccen alhaki kuwa doka tana ɗaukarsa mutum ne daban da masu shi, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa shi.

3. Idan gwamnati ta karɓi fili ko rumfa, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta biyan diyya, da damar zuwa kotu.

4. Ra'ayi ya rabu kan cinikin baka. Wasu sun ce amana da shaidu sun wadatar, wasu suka ce yana da ƙarfi a doka amma tabbatar da shi gaban alƙali yana da wuya. A ganina masu cewa a rubuta sun fi hujja, musamman idan bashi ne.