Amfilifaya tana kunna jar fitila in bes ya buga, ga kuka in an taka totur

Mai_Corolla07:

Assalamu alaikum masu wayarin da masu sauti. Ina neman shawara. Mota Corolla 2007 ce, an saka mata amfilifaya mai layi biyu da wufa inci 12 a but. A kwali an rubuta 2000W, a jikinta kuma akwai fis biyu na 25A. Wufar mai kwayil biyu ce, kowanne om 4, an haɗa + da +, − da −, aka kai inda aka rubuta BRIDGED. Wayar wuta lamba 8 ce (lambar kauri, ƙaramar lamba ta fi kauri), fis ɗinta yana but kusa da amfilifayar. Wayar bodi an ɗaure ta a notin kujerar baya.

Matsala uku ce. In na ƙara murya, da bes ya buga sai jar fitilar PROTECT ta kama, sauti ya ɗauke. Akwai siririn kuka da ke ƙaruwa in na taka totur. Sannan wufar tana aiki a FM, amma da na koma Bluetooth sai ta yi shiru. An ce in sayi kafasita. Ita ce maganin?

Wayarin_Panteka:

Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar kafasita tukuna, akwai abin da ya fi gaggawa. Fis ɗin da ke but ba ya kare motarka. Aikinsa kare wayar ce, don haka wurinsa kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kan +. A yadda yake yanzu, kana da waya kusan mita 5 ɗauke da wutar batir kai tsaye, ta ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota, ta bi ƙarƙashin kafet. In ƙarfe ya yanke robarta, babu abin da zai katse wutar sai wayar ta yi ja ta kama kafet. Cire kan − na batir, ka mayar da fis gaba, na 60A ya dace da amfilifaya mai 25A biyu. Inda wayar ta ratsa ƙarfe kuma a sa mata zoben roba.

Jar fitilar kuwa, haɗin wufar ne babban abin zargi. Kwayil biyu masu om 4 in aka haɗa su + da +, − da −, sun koma om 2. Amfilifaya mai layi biyu in aka haɗe layukanta wuri guda, kowane layi rabin nauyin yake gani, wato om 1 ke nan, alhali yawancinsu om 4 ne ƙarshen abin da suke ɗauka a wannan haɗin. A ƙaramar murya za ta daure, da bes ya buga sai ta ja wutar da ta fi ƙarfinta ta kashe kanta don kada ta ƙone. Zare wayoyin wufar daga amfilifaya ka auna su da mita a ma'aunin om. In ka ga 1.7 zuwa 2, magana ta tabbata.

Mafi sauƙin gyara shi ne ka jera kwayil ɗin: + na amfilifaya zuwa + na kwayil na farko, − na farko zuwa + na biyu da guntuwar waya, − na biyu ya koma − na amfilifaya. Mita za ta nuna tsakanin 6.5 da 7.5, wato om 8. Ƙarfi zai ragu kusan rabi, amma amfilifayar za ta huta. In kana son cikakken ƙarfi, ko dai ka nemi amfilifaya mai layi ɗaya da aka rubuta tana ɗaukar om 2, ko wufa mai kwayil biyu na om 2 ka jera su su ba ka om 4. Kada wani ya ce maka ka bar kwayil ɗaya a sake ka yi aiki da ɗaya, rabin ƙarfin da wufar ke iya ɗauka ka zubar.

Shirun Bluetooth ƙaramin aiki ne. A bayan rediyo akwai shuɗiyar waya zalla da shuɗiya mai farin layi. Zallar ta eriya ce, a rediyoyi da yawa tana ba da 12V ne kawai in ana kan FM ko AM. Mai farin layin ita ce ta tada amfilifaya. Mayar da wayar REM, wato wadda ke zuwa inda aka rubuta REM a jikin amfilifaya, kanta.

Sauti_SabonGari:

Duk abin da Oga ya faɗa haka yake. Zan ƙara da wuta, don ko an gyara om, in wuta ba ta isa ba jar fitilar za ta dawo.

Manta da 2000W na kwali. Fis 25A biyu 50A ke nan, ka ninka da 13.8V ka sami kusan wat 690 da take iya ja, kuma irin wannan amfilifayar kusan kashi 60 cikin ɗari take mayarwa sauti, sauran zafi ne. Ƙarfinta na gaskiya bai wuce wat 400 ba. Amma 50A ɗin nan ba wasa ba ne ga waya lamba 8. In jan ƙarfe ce zalla, mita 5 za ta cinye kusan 0.5V. In irin ta alminiyom ce da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda ta cika kasuwa, asarar ta kai 0.8V ko fiye, domin da yawa robarsu ce mai kauri, zaren ciki bai kai lambar da aka rubuta ba. Kankare zare ɗaya da wuƙa, in ciki fari ne to alminiyom ce. Lamba 4 ta jan ƙarfe 0.2V kawai za ta ci a wannan tsawon.

Notin kujera kuma ba wurin wayar bodi ba ne. Akwai fenti a ƙarƙashinsa, zarensa kuma sau da yawa da gam ko tsatsa. Nemi ƙarfen bodi mai kauri kusa da amfilifaya, ka duba bayansa kafin ka huda don tankin mai da bututun birki suna nan ƙasa. Goge fenti da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka matse kan wayar da zoben ƙarfe, ka ɗaure da noti da wosha mai haƙori, sannan ka shafa giris a sama saboda tsatsa. Kaurinta daidai da wayar wuta, tsawonta kada ya kai rabin mita in zai yiwu.

Ga awon da za ka yi, inji na aiki, waƙa mai bes na bugawa. Kan batir ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4V. Sai ka auna tsakanin B+ (inda wayar wuta ke shiga) da GND (inda wayar bodi ke shiga) a jikin amfilifayar kanta, bambancinsu da batir kada ya wuce 0.5V. Sannan ka ja doguwar waya daga − na batir, ka auna tsakaninta da GND, wannan zai nuna maka abin da wayar bodi kaɗai take ci. Kawo mana lambobin.

Kafasita ba ta ƙara wuta, ajiyewa take ta saki cikin ƙiftawar ido. Ba za ta gyara siririyar waya ko mugun haɗin bodi ba.

Mai_Corolla07:

Allah ya saka da alheri. Na mayar da fis gaba, na canza wayar REM, Bluetooth ya dawo. Wufa ta nuna 1.9 kafin in jera ta, yanzu 7.1. Batir 14.1V, a jikin amfilifaya yana sauka 12.3V in bes ya buga, tsakanin GND da − na batir kuma 0.9V. Wayar fara ce a ciki. Kukan yana nan.

Wayarin_Panteka:

Madalla. Kana asarar 1.8V, rabi a wayar bodi, rabi a wayar wuta. Canza su duka zuwa lamba 4 ta jan ƙarfe. Wannan 0.9V ɗin ne nake zargi da kukan ma: in hanyar bodi ta yi tsauri, amfilifaya da rediyo ba sa zama a kan sifili ɗaya, sai wuta ta riƙa bin bayan wayar RCA, wadda ke kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, tana ɗauko ƙarar altaneta, shi ya sa kukan ke bin totur.

In ka gyara bodi bai tafi ba, bi shi daki-daki, kana kashe makulli kafin kowane zarewa. Zare RCA daga amfilifaya. In kukan ya ci gaba, matsalar tana amfilifayar ko haɗinta. In ya tafi, mayar da su ka zare ta bayan rediyo. Ya dawo a haka? Wayar ce ke ɗauka a hanya, ka raba ta da wayar wuta, ɗaya ta bi dama ɗaya hagu. In sai an jona rediyo yake zuwa, ɗauki guntuwar waya ka taɓa bakin ƙarfen RCA na waje da jikin rediyon. Ya ɗauke nan take? To siririn layin da ke cikin rediyon ya ƙone, abin da ke faruwa ke nan in an yi aiki da amfilifaya mai mugun haɗin bodi ko an zare RCA wuta na kunne. Mai gyaran rediyo zai haɗa shi da dalma.

Duba maɓallin tace sauti ma. In yana kan LPF, wato mai barin bes kaɗai ya wuce, a 80Hz, da wuya siririn kuka ya fito ta wufa. In kana jin sa daga but, wataƙila yana kan FULL, mai barin kowane sauti ya wuce.

Sauti_SabonGari:

Saura GAIN, wanda mutane ke murɗewa har ƙarshe suna zaton murya ce. Aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin da rediyo ke turowa, in ya yi yawa yana ƙara kukan, yana kuma gasa kwayil. Zare wufa, mayar da BASS BOOST sifili, bes na rediyo a tsakiya, murya kashi uku cikin huɗu. Kunna sautin gwaji na 50Hz, ka sa mita a AC a bakin fitar sauti. Duba takardar amfilifayar ka ga RMS ɗinta, wato ƙarfinta na gaskiya: in wat 300 ne a om 4, ninka su 1200, tushensa (lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 1200) 34.6V, nan za ka tsaya ko ƙasa kaɗan. Lambar ba ta canzawa don ka koma om 8, wat ɗin ne zai zama 150.

Kada a kife amfilifayar ko a rufe ta da kafet, but yana zafi sosai a watan Afrilu, kuma zafi kaɗai yana kunna jar fitila bayan minti ashirin ko talatin ana kiɗa. In bayan duk wannan ta kama da zarar an kunna makulli, bar mata B+, GND da REM kawai. In ta ci gaba da nuna jar fitila alhali wuta ta haura 12V, to taransistocin fitar sauti sun ƙone tun lokacin om 2, sai a kai ta wurin mai gyara.