Tsare mutum kafin shari'a: me bincike ya gano, kuma me zai yi aiki a Najeriya?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna cewa kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke yi. Ana yawan kafa hujja da binciken Amurka, wai tsarewar ita kanta tana sa mutum ya amsa laifi, har wasu jihohinsu suka soke belin kuɗi. Shin binciken nan yana da ƙwari, ko dai waɗanda ake tsarewa tun asali su ne masu nauyin laifi? In yana da ƙwari, sassauta beli zai rage cunkoso a gidajen yari irin su Kurmawa da Goron Dutse na Kano?

Malama Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, Malam. Shakkar da ka kawo ita ce ta fara tsaya wa masu binciken a gaba. Idan ka jera waɗanda aka tsare da waɗanda aka saki ka kwatanta su haka kawai, ba ka gano komai ba, don alƙali ya fi tsare wanda hujja ta yi masa nauyi. Dabarar da suka yi amfani da ita ta fito ne daga tsarin aikin kotunan. A Filadelfiya da Miyami, alƙalan beli karɓa-karɓa suke yi, wanda aka kama yana faɗawa hannun duk wanda ke bakin aiki a lokacin. Wani alƙalin mai tsauri ne, wani mai sauƙi. Sai ka samu mutum biyu masu tuhuma iri ɗaya, ɗaya ya kwana gida ɗaya ya kwana ciki, bambancinsu kawai wanda suka tarar a kan kujera.

Da wannan hanyar Dobbie da Goldin da Yang suka bi shari'u sama da 400,000, suka fitar da sakamakon a 2018. Wanda aka saki cikin kwana uku, yiwuwar a same shi da laifi tana raguwa, kuma yawancin raguwar daga amsa laifi take: na waje ba ya saurin amsawa. Ya kuma fi samun aikin albashi a shekarun da suka biyo. Kafin su, a 2017, Heaton da Mayson da Stevenson sun duba ƙananan laifuka wajen 380,000 a gundumar Harris da ke Texas, inda birnin Houston yake. Waɗanda aka tsare sun fi takwarorinsu amsa laifi da kashi 25 cikin 100, sun fi samun hukuncin ɗauri da kashi 43 cikin 100, tsawon ɗaurin kuma ya haura ninki biyu.

Dalilin a fili yake. Mai gabatar da ƙara zai ce da kai: ka amsa, a lissafa maka kwanakin da ka riga ka yi, ka tafi gida yau, ka musanta, ka koma ciki ka jira ranar zama. Mai haya da iyali da aikin da ke neman suɓucewa ya san wanda zai zaɓa, ko da yana da gaskiya.

Abu biyu ne masu yaɗa binciken suke tsallakewa. Na farko, saki yana ƙara yawan waɗanda ba sa zuwa kotu ranar zama, binciken 2018 ɗin ya faɗi haka ƙarara. Ta fuskar sabon laifi kuwa, tsarewa tana rage shi muddin mutum yana ciki, bayan ya fito ya ƙaru, har a shekara biyu lissafin ya tashi kusan babu riba babu asara. Na biyu, sakamakon ya shafi mutanen tsaka-tsaki ne, waɗanda wani alƙali zai saki wani ya tsare. Bai ce komai ba game da wanda kowane alƙali zai tsare.

Maganar rashin zuwa kotu ma an gwada mata magani mai arha. A birnin New York an sake tsara takardar sammaci, aka ɗauko ranar zama da wurin kotu da abin da zai biyo bayan ƙin zuwa aka sa su a sama da manyan haruffa. Wannan kaɗai ya rage rashin halarta da kusan kashi 13 cikin 100. Saƙon tes na tunatarwa ya rage da kusan kashi 21. An wallafa shi a mujallar Science a 2020. Ashe da yawa ba gudu suke yi ba, mantuwa ce da ruɗewa.

Jihar New Jersey ta kusan daina belin kuɗi daga Janairun 2017, masu jiran shari'a a gidajen yarinta suka ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Illinois ta soke shi gaba ɗaya a Satumban 2023.

Baristan Kawo:

Malama ta gama da rabin tambayar. Rabi na biyun ne nake ganin ana kuskure a kansa, domin cutar Houston daban, tamu daban. Can mutum yana ciki ne don ba shi da kuɗin beli, amma shari'arsa tana tafiya. Nan, wanda ya fi daɗewa a ciki shi ne wanda shari'arsa ba ta ma fara ba.

Ga yadda take faruwa. 'Yan sanda sun kama mutum da zargin fashi da makami ko kisan kai. Suka kai shi gaban majistare da takardar FIR, wato rahoton farko na tuhumar da 'yan sanda suke gabatarwa. Majistare ba shi da hurumin sauraron laifin da hukuncinsa kisa ne, ba shi kuma da ikon ba da beli a kansa, sai ya ba da umarnin a ajiye shi gidan yari har a samu shawarar ma'aikatar shari'a. Kotun Ƙoli ta halatta irin wannan ajiyar a shari'ar Lufadeju da Johnson a 2007. Daga nan ɗan sanda mai bincike ya kamata ya kwafi fayil ya kai ofishin DPP, wato daraktan gabatar da ƙara na ma'aikatar shari'a, su duba su ce akwai tuhuma ko babu. A wannan tsakanin ake rasa mutane. Ba kuɗin kwafin takardu, ko an yi wa mai binciken canjin wurin aiki bai miƙa fayil ba, ko fayil ya isa ma'aikata ba a ba kowane lauya ba, ko shawara ta fito cewa a sake shi amma takardar ba ta koma kotun ba. Babu motar kai fursunoni kotu ma dalili ne da ke cin watanni.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wato ACJA, ta sa wa wannan iyaka a sashe na 293 zuwa 296. Ajiyar farko ba ta wuce kwana 14. Ana iya ƙara 14 in an kawo dalili a rubuce. Bayan haka kotu za ta kira shugabannin 'yan sanda da Antoni Janar su zo su yi bayani cikin wasu kwana 14, in sun gamsar da ita a ƙara 14 na ƙarshe, in ba haka ba a sallami mutum. Jimilla kwana 56. Sashe na 376 kuma ya ba Antoni Janar kwana 14 daga ranar da fayil ya shiga hannunsa ya fitar da shawara. Ka lura da wannan: daga ranar da ya shiga hannunsa. In fayil bai bar caji ofis ba, agogon bai fara bugawa ba.

Sai a kiyaye, ACJA ta Abuja ce da laifukan tarayya. Jihohi kowace da tata, Kaduna ta yi a 2017, Kano a 2019, lambobin sassa da adadin kwanaki suna iya bambanta. Lauyan da ya ambaci sashen tarayya a kotun jiha zai sha gyara.

Inda binciken Amurka ya yi daidai da mu shi ne ƙananan laifuka. An ba da beli, amma an ce mai tsayawa sai ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza, ko mai takardar fili a cikin gari. Ɗan ƙauyen da aka kama a tasha a ina zai samo shi? Wannan belin kuɗi ne da aka sauya wa riga. Ana iya roƙon kotun ta sassauta, in ta ƙi a tafi babbar kotu. Kuma ACJA ta faɗa a sashe na 167 cewa ba a hana mace tsaya wa mutum don tana mace, duk da har yanzu wasu ma'aikatan kotu suna nuna kamar ba su san da haka ba.

Ɗan Fagge:

Na gode, Malama da Barista. To in wa'adin ya wuce kuma ba wanda ya motsa, dangi me za su yi? Sannan kuɗin tarar da aka biya wa fursunoni a 2023 bai taɓa wannan matsalar ba?

Baristan Kawo:

Tarar da ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar a Nuwamban 2023, naira miliyan 585 don sakin mutum 4,068, ta waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ce suka kasa biya. Alheri ne, amma mai jiran shari'a ba shi da tarar da za a biya masa.

Dangi su fara da tattara abu biyar: sunan kotun da ta ba da ajiya, lambar FIR, ranar da ke kan takardar tsarewa (ofishin ajiye bayanai na gidan yarin yana da kwafi), caji ofis ko sashen da ya yi bincike, da ranar da ma'aikatar shari'a ta karɓi fayil in ta karɓa. Ba tare da waɗannan ba, lauya zai ɓata makonni yana lalube. In ma'aikata ta ce fayil bai zo ba, a rubuta wa kwamishinan 'yan sanda ta hannun sashensu na shari'a, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In ya zo, a rubuta wa DPP. Bayan haka sai babbar kotu, ko neman beli ko ƙarar tauye haƙƙi. Ko a laifin kisa, sashe na 161 na ACJA ya lissafa jinkirin da ya haura shekara ɗaya cikin dalilan da alƙalin babbar kotu zai iya ba da beli a kansu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid Council, hukumar ba da lauya kyauta, na jiharsa. A kuma tabbata sunansa ya shiga jerin da ake miƙa wa babban jojin jiha kafin ziyararsa gidan yari, don wanda ba ya cikin jerin da wuya a kira shi.

Tsohon Magatakarda:

Ranku ya daɗe, ni a ganina tun daga caji ofis ya kamata a tare ruwan. Sashe na 34 na ACJA ya wajabta wa babban majistare ziyartar caji ofis ɗin da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata. Yana da ikon neman littafin kame, ya ba da umarnin a gurfanar da mutum, ko ya ba da beli nan take in laifin yana cikin huruminsa. Ziyarar tana lalacewa ne in an san ranarta, don za a kwashe mutane a kai wani wuri kafin ya iso. Mai lura yakan gwada littafin kame da ƙirgen waɗanda ke cikin sel, ya tambayi kowa ranar da aka kama shi da bakinsa. A nan ake gano wanda aka kama a madadin ɗan'uwansa, abin da sashe na 7 ya hana, da wanda aka kulle saboda bashi, wanda sashe na 8 ya hana.

Akwai kuma shirin lauyan caji ofis, PDSS, wanda aka fara gwadawa a jihohi huɗu ciki har da Kaduna da Sakkwato da lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima, umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 20 ya ba shi gindin zama. Lauya ɗaya da ya ga mutum a kwana biyun farko yana iya hana a rubuta faɗan unguwa a matsayin fashi, kuma wannan kalma ɗaya ce ke raba beli a gaban majistare da zaman shekaru.

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ma, a sashe na 12, ta ce in gida ya cika ya wuce ƙima, kwanturolan jiha ya sanar da babban joji da Antoni Janar cikin mako ɗaya, su kuma su ɗauki mataki cikin wata uku, gidan kuma yana iya ƙin karɓar sababbi. Ba kasafai ake jin an yi amfani da wannan ikon ba.

Malama Mai Lissafi:

Baba Magatakarda, na yarda da kai a kan caji ofis, sai dai a raba abin da hankali ya karɓa da abin da aka auna. Rahoton shiri da ke cewa an saki mutum kaza bai gaya mana nawa ne za su fita ko da babu shirin ba. Aunawar kuma ba ta da tsada. A ɗauki caji ofis 40 a jiha ɗaya, a jefa ƙuri'a, 20 su samu lauya yanzu, 20 bayan wata shida. A kowanne a rubuta abu huɗu: ranar kame, ranar fita ko gurfanarwa, tuhumar da aka rubuta a farko da wadda ta isa kotu, da ko mutum ya halarci zamansa na farko. Lambar wayarsa da ta mai tsaya masa su shiga takardar beli tun ranar, don a gwada tunatarwar a kan rabinsu. A nan kiran murya da Hausa zai fi tes, tunda ba kowa ke karatun boko ba, kuma a tura shi sau biyu, mako ɗaya kafin zama da kuma jajibirin ranar.