Me za mu kira fw_cfg da Hausa?

Malam Habu, Jidda:
Salamu alaikum. Ana fassara wa ɗalibai bayanin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin wata kwamfuta, an tsaya a kan fw_cfg, wata na'urar kwaikwayo da ke cikinta. Kalmar firmware mun riga mun ce "manhajar tushe", wato irin su SeaBIOS da OVMF da ke tashi kafin babbar manhaja. Ita wannan na'urar fa?

Rabi, Riyad:
Wa alaikumus salam, Malam. A ce "na'urar saitin tushe", a wuce wurin.

Ɗanladi, Madina:
Yaya Rabi, "saiti" zai sa ɗalibi ya ɗauka a nan ake canza abu. Ba haka take aiki ba. Manhajar tushe ce ke zuwa ta karɓa. A kwamfuta mai tsarin x86 tana rubuta lamba a tasha (port) ta 0x510, ta karanto amsa a 0x511, baiti ɗaya bayan ɗaya. Lamba 0x0000 kan dawo da haruffa huɗu, QEMU, don ta tabbatar na'urar na nan. Lamba 0x0019 kuma jerin fayiloli ne, kowane suna bai wuce baiti 56 ba. Kamar tagar kantin magani ce: ka miƙa takarda, a miƙo maka abin da ke rubuce. Ni "ma'ajiyar tushe" nake gani.

Malam Habu:
Larabawa nan "barnamaj sabit" suke ce wa firmware. Ba zan ɗauko ba, yaranmu na gida ba za su gane ba.

Ɗanladi:
Akwai wani abu, Malam. Masu gyaran manhajar QEMU suna son rage maimaici, domin kowace na'urar kwaikwayo da irin nata kiran. Ta x86 tana bi ta tasha, ta tsarin ARM mai suna virt tana bi ta adireshin ƙwaƙwalwa 0x09020000. Kalmarmu dole ta ɗauki duka biyun, shi ya sa "tasha" ba za ta yi ba. Kuma mai haɗa su wuri ɗaya ya kula: lambar zaɓi, wato wadda manhajar tushe ke rubutawa, a tasha ƙaramin baiti ne a gaba, a ƙwaƙwalwa kuwa babban ne a gaba. Ka juya su, manhajar tushe ta nemi 0x0019 ta samu 0x1900, ta koma hannu wofi.

Rabi:
Wata matsalar ita ce jere. Faɗin rajista (gurbin da ake karanto bayanin) da kunna DMA (zuba bayani kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa) sai an sa su kafin a kammala kafa na'urar. Bayan nan QEMU ba ta karɓar canji. Kuma fw_cfg guda ɗaya tak ake yarda da ita a kowace na'urar kwaikwayo. Na janye "saiti". Amma "ma'ajiya" kaɗai za a rikita ta da faifai.

Malam Habu:
To a ce "ma'ajiyar bayanan tushe" a karon farko, daga baya a taƙaita. Sunan fw_cfg a cikin umarni ba a taɓa shi. Ɗanladi, rubuto mana misalin -fw_cfg name=opt/ da Hausa.