Furodusa na so in mayar da Ba'ibon labarina abin dariya, ya zan yi?

Ummi Marubuciya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara, kaina ya ɗau zafi. Na rubuta fim mai dogon zango, kashi 13, na YouTube. A ciki akwai wani Ba'ibo mai sayar da kayan gyaran mota, haifaffen Sabon Gari. Kakansa ne ya zo Kano a jirgin ƙasa, iyalin suka gudu a rikicin 1966 suka dawo bayan yaƙin basasa, har makarantar da ya yi na rubuta. Yanzu furodusa ya ce dole ya riƙa gurɓata Hausa, yana ce wa mace "kai", ga shegen son kuɗi, wai don a yi dariya. Ya riga ya ba ni rabin kuɗina, sati mai zuwa za a fita lokeshin.

Na Zoo Road: Ƙanwata, ki bi mai kuɗi. Kashi na ɗaya in babu abin dariya a mintuna biyar na farko, mai kallo ya wuce. Barkwancin ƙabila ba yau aka fara ba, tun zamanin marigayi Ibro ake yi, babu wanda ya kai ƙara.

Malam Habu Edita: Matsalar ba ta dariya ba ce, ta hankali ce. Wanda aka haifa a Sabon Gari Hausarsa garau take. Mai rikita "ya" da "ta", mai furta ƙ da ɗ kamar k da d, sabon zuwa ne. To ki raba shi biyu: ubangida mai Hausa tsantsa, da yaron shagonsa da aka kawo daga ƙauye watanni kaɗan. Dariyar ta koma kan yaron, Hausarsa kuma tana gyaruwa daga kashi zuwa kashi. Ki ƙirga fitowar ubangidan: in goma ce, kada maganar kuɗi ta wuce uku. Ki sa fitowar da yake sallamar wani tsohon yaronsa da jari bayan shekarun bauta, da wadda ya zo ta'aziyyar maƙwabci. Sannan ki ba wani Ba'ibo mazaunin Kano ya karanta kafin a ɗauka, don in an ɗauka edita ba ya iya gyara harshe.

Maman Hanifa: Ku kuna ta Ba'ibo. Bazawara fa? Kullum ita ce mai ƙwacen miji, kishiya kullum tana gidan boka, 'yar boko kuma mara kunya. Wannan ba ya damun kowa?

Ɗan Ruga: Bafulatani ma haka, da can ɗan ƙauye da sanda, yanzu an ɗora masa bindiga. Yaranmu na shan tsokana a makaranta saboda wannan.

Ummi Marubuciya: Malam Habu, ƙarin jarumi ƙarin kuɗi ne, furodusa ba zai yarda ba. Anti, akwai bazawara a nawa kuma muguwa ce, amma da dalili, ban iya canza ta.

Na Zoo Road: Na faɗa miki. Ki dai tabbata an kai wa Hukumar Tace Finafinai ta Kano kafin a saki, ko a 2025 sai da ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango kan rashin kai su tacewa. In fim ɗinki ya wuce can, magana ta ƙare.

Malam Habu Edita: Ba ta ƙare ba, Alhaji. Za a yanko daƙiƙa 30 a sa a TikTok babu gaba babu baya, sunan Ummi ne a jikin fim ɗin. Yaron shagon fitowarsa duk a wuri ɗaya ce, kwana biyu sun isa a ɗauke. Ummi, me yarjejeniyarku ta ce kan sauya labari?

Ummi Marubuciya: Babu takarda, da baki muka yi, abokin yayana ne. Kuma jarumin da ya ɗauko ɗan barkwanci ne, ko na gyara rubutun zai ƙara nasa a gaban kyamara.

Maman Hanifa: Wane dalili ne ya mayar da bazawarar muguwa? Ba ki faɗa ba.