Neman kalma: me za mu kira takobin nan na wasannin bidiyo?

Mai_Shiri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gobe da safe zan naɗi shirin matasa a rediyo kan wasannin bidiyo masu labarin jarumai da dodanni, kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Da Turanci suna cewa legendary sword. Wato takobin nan da ake ta ba ka labarinsa tun farkon wasa, tsofaffin gari suna ambatonsa, an ce yana can cikin wani daji, kai kuma kana ta fama da ɗan guntun ƙarfe har sai ka isa gare shi. Irin Master Sword na jerin wasannin Zelda. Na rubuta "shahararren takobi" amma bai zauna min ba. Ina son abin da zan yi ta maimaitawa a iska ba tare da harshe ya sarƙe ba.

Ɗan_Gem: Takobin almara. An wuce wurin.

Uwar_Ɗalibai: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba a wuce ba. In ka ce wa mutum "wannan almara ce", ƙarya kake nufi. A cikin wasan kuwa takobin yana nan, da shi ake kashe dodon. Me zai hana takobin tarihi?

Ɗan_Gem: Anti, takobin tarihi yana gidan tarihi a bayan gilashi, ya yi tsatsa. Bari in faɗi aikinsa a wasa, sai ku auna. Master Sword ya fara fitowa a wasan Zelda mai suna A Link to the Past a 1991, kafe a cikin daji, kuma ba ka cire shi sai ka tara lambobin wuya uku. A Ocarina of Time na 1998, jarumin wasan, Link, yana yaro ya cire shi, sai aka rufe shi shekara 7 yana barci domin bai kai girman riƙe shi ba. A Breath of the Wild na 2017 kuwa, kana jan takobin yana shanye maka rai. In zukatanka, wato alamomin ranka a wasan, ba su kai 13 ba, a gabansa za ka faɗi. To ka ga ba kaifi ne kaɗai zancen ba. Masu ƙera wasa suna kafa shi ne ya zama ma'auni: ka isa ko ba ka isa ba. Da shi suke raba wasan biyu, kafin takobi da bayan takobi.

Malam_Nahawu: Madalla da wannan bayani, yaro. Kai da bakinka ka kawo amsar ba ka lura ba. Abin da ya gagari kowa cirewa sai mai shi. Hausa tana da ginin da ya dace da wannan tun kaka da kakanni: gagara-badau, gagara-gasa, gagara-misali. Saboda haka ina ba da shawarar gagara-zare. Takobi gagara-zare. Ku furta ku ji yadda ya cika baki. Babu aro a ciki, babu kame-kame, kuma yana da ƙamshin kirari, wanda shi ne abin da takobin jarumi yake bukata.

Uwar_Ɗalibai: Malam, ranka ya daɗe, da na karanta sai na ɗauka wata allura ce da ta ƙi karɓar zare.

Malam_Nahawu: Hajiya, karin sautin ba ɗaya ba ne. Zaren ɗinki daban, zare takobi daban. A rediyo za a faɗa, kunne zai rarrabe.

Tafinta: Kunne zai rarrabe, Malam, amma matsalata ba nan take ba. Kalmarka ta ɗauki nau'i ɗaya ne kawai, wanda aka kafe a dutse. A Final Fantasy na farko, 1987, takobin Excalibur ba cire shi ake yi ba, wani maƙeri ne yake ƙera maka shi in ka kai masa ƙarfen da ya nema. A Chrono Trigger na 1995 Masamune a karye ake samunsa, sai an je an gyara. A Warcraft III na 2002 wani yarima mai suna Arthas ya ɗauki Frostmourne, takobin ya cinye masa ruhi ya mayar da shi mugu. Wannan da ma ya gagara ɗin, da ya fi masa alheri. Ko a labarin Sarki Arthur na Ingila, ruwayoyi da yawa sun raba takobin dutse da Excalibur, suka ce shi wannan daga tafki aka miƙo masa. In Mai_Shiri ya kira duk waɗannan gagara-zare, yaran da suka buga wasannin za su kira waya su yi masa gyara.

Malam_Nahawu: Suna ai ba sharhi ba ne. Muna cewa jirgin sama alhali asalin jirgi na ruwa ne, wa ya kai ƙara?

Baƙon_Zaure: Ni fa ina ganin muna da shi tuntuni. A ce Zulfiƙari. Kowane Bahaushe ya san takobin Sayyidina Ali.

Uwar_Ɗalibai: A'a ɗan uwa, a bar wannan sunan a inda yake. Ba za a laƙaba shi ga takobin da ya shanye ruhin mai shi ba, balle a rediyo.

Baƙon_Zaure: Haka ne, na janye.

Ɗan_Gem: Gaskiya dai, a tsakaninmu masu bugawa babu mai fassarawa. Kalmar Turancin muke faɗa, kowa ya gane. Ba sai an wahala ba.

Malam_Nahawu: To ga shi nan! Abin da nake gudu ke nan. Harshen da ya yi wa jarumai kirari shekaru aru-aru, yau an ce ba shi da sunan takobi sai ya je aro. Japanawan da suka ƙera yawancin waɗannan wasannin ba su ji kunyar nasu ba. Masamune da Tafinta ya ambata sunan wani maƙerin takubba ne na ƙasar Japan da ya rayu wajen shekara 700 da suka wuce, suka ɗauko shi suka sa a Final Fantasy, yanzu yaran duniya suna haddace shi. Mu kuwa muna da kansakali, wani sunan takobi, a ajiye, yaranmu ko jin sa ba su taɓa yi ba. Duk wanda ya raina nasa, na wani zai yi ta bara.

Ɗan_Gem: Baba, Japanawan nan su ne kuma suka sa wa nasu takobin suna Master Sword da Turanci, suka ari Excalibur daga Turai. Nasu da na wasu duk suna ɗauka.

Tafinta: Kuma Malam, Buzaye suna kiran nasu takoba. Ko mu muka ba su ko su suka ba mu, kalmar dai ta ƙetare iyaka. Ban ga abin tada jijiyar wuya ba.

Malam_Nahawu: Aro tsakanin maƙwabta daban, miƙa wuya daban.

Mai_Shiri: Don Allah malamaina, dare yana yi, ni kuma rubutuna bai motsa ba.

Tafinta: Yi haƙuri. Ga abin da na gani, kalmar aiki biyu take yi a wasanni, shi ya sa muke ta zagaye. Na farko na labari ne: takobi guda ɗaya tak, mai suna, wanda labarinsa ya riga shi isowa. Na biyu na daraja ne kawai. A World of Warcraft ana rubuta sunan kaya da launi: fari na gama-gari, sai kore, sai shuɗi, sai shunayya, sannan ruwan lemo, wanda shi ne ake kira legendary. A wasannin da suka bi wannan tsari kana iya tara irin su da yawa a jakarka, har da takalmi da hula. Hula kuwa ba a zare ta. Ga wannan ma'ana ta biyu ni "ƙasaitacce" zan ce: ƙasaitaccen takobi, ƙasaitacciyar garkuwa, ƙasaitattun kaya. Yana bin jinsi da jam'i ba gardama. Ga ta farko, duk da ƙorafin Hajiya, almara ta fi kusa. Mutanen cikin wasan ma haka suke ɗaukar takobin, zancen tsofaffi ne da ba kowa ya yarda da shi ba, har ranar da yaron ya dawo riƙe da shi. Wannan shakkar tana cikin daɗin abin.

Uwar_Ɗalibai: Ban gamsu duka ba. Da ni ce zan ce takobin hikaya, ya fi mutunci. Amma na san a bakin matasa almara ta fi gudu. In zai yi bayani a jimlar farko cewa a duniyar wasan takobin gaske ne, na haƙura.

Malam_Nahawu: Wato an yi watsi da gagara-zare ke nan.

Mai_Shiri: Ba a yi ba, ranka ya daɗe. Ga yadda na tsara: "takobin almara" shi ne sunan da zan riƙa maimaitawa, tare da bayanin da Hajiya ta nema. In na zo kan launukan kaya sai in ce "ƙasaitacce". In kuma na iso wurin da Link yake ja zukatansa suna ƙarewa, nan zan yi masa kirari: gagara-zare, sai mai shi.

Malam_Nahawu: Sau ɗaya kawai? To, da babu gara ba daɗi. Amma ka ja wasalin ƙarshe yadda ya kamata, kada Hajiya ta sake jin allura. Kuma ban sauka daga ra'ayina ba, almara ba ta riƙe nauyin takobin nan.

Ɗan_Gem: Yaya Tafinta, in ruwan lemo ne ƙasaitacce, shunayya da ke ƙasa da shi fa? Don tabbas wani zai bugo waya ya tambaya.

Tafinta: Gawurtacce, wataƙila. Sai dai ban san wanda ya fi wani girma tsakaninsa da ƙasaitacce ba.

Malam_Nahawu: Gawurtacce ne a sama. Ku juya su.

Mai_Shiri: Shunayya zan ce masa gobe, da launinsa. Na gode, sai da safe.