Ténéré 700 Rally Edition: ya cancanci ƙarin kuɗin ko fenti ne kawai?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawara ga waɗanda sunka san harkar manyan moto. Wani ɗan uwa da ke Faransa ya turo mini hoton Yamaha Ténéré 700 guda biyu, duka okaziyo, ɗaya irin na kowa, ɗaya kuma Rally Edition, mai shuɗin fenti da ratsin ɗorawa. Kilometan su kusan ɗaya amma na biyun ya fi tsada da kusan miliyon guda na sefa, ban ma sa kuɗin jirgi da duwan ba. Wallahi raina ya biya na shuɗin, tun ina yaro nike jin manya na labarin tseren Paris-Dakar, kuma moto ne mai sunan hamadar ƙasarmu. Ni dai Tahoua nike, tafiyata ba ta wuce Keita, Bouza, Konni, jefi-jefi Yamai. Miliyon ɗin nan zai dawo in na tashi saidawa ko na yi asara?

Mai Garaji:
Wa alaikumus salam ƙanena. Inji ɗaya ne a cikinsu, CP2 mai silinda biyu, 689cc, tanki lita 16 duka, kuma shokobza iri ɗaya. Abin da anka ƙara ma na Rally da ya fito a 2020 shi ne salansa ta Akrapovic, kujera mai ɗan tsawo, farantin alminiyom mai kauri a ƙarƙashin inji, da kariyar radiyata da ta sarƙa, sai fenti. Farantin nan kam yana da amfani sosai a duwatsun hanyar Keita don dutse ɗaya in ya bugi gindin inji mai ya zube to aiki ya same ka, amma ai ana saida shi daban ka ɗaura ma na kowa. Abin da nike jiye maka shi ne ranar da ka faɗi cikin rairayi robar gefe ta tsage, inda duk za ka je, kasuwar Katako ta Yamai ne ko Sakkwato, ba ka samun mai wannan fentin, sai ka yi oda daga Turai, kuma tun da anka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ta Lome suke zagayowa, ka san jira. Sai ka ga moto mai tsada gefe guda shuɗi gefe guda baƙi.

Baban Hadiza:
Ni ina Yamai, kuma ina so a bambanta abu biyu don 'yan kasuwa na haɗe su da gangan. Akwai wanda kampani ya ƙayyade adadinsa ya buga lamba a jikin kowane, kamar Ducati Superleggera V4 na 2020, guda 500 kacal a duniya, shasi ɗinsa ma na kabon ne, kuɗinsa dalar Amurka 100,000, ko Desmosedici RR da suka yi guda 1,500. Waɗannan masu tara kaya ke saye su aje cikin ɗaki mai sanyi, ba su hawa, shi ya sa kuɗinsu ba ya faɗuwa kamar na sauran. Rally Edition ba ya cikin wannan layin, ba lamba a jikinsa. Kuma ka tambayi kanka wa za ka saida ma a nan? Mai saye zai duba kilometa, ya tada inji ya saurara, ya tambayi takardun duwan da kart giriz, shi ke nan. Rana da hazon nan namu shekara biyu sun isa su kashe hasken fentin.

Hajiya Mai Atamfa:
Ban san inji ba amma na san kasuwa. Atamfa ma in sabon zane ya fito kusa da salla mata na biyan ƙari, bayan salla kuɗin ya koma daidai. Sai dai ɗana kada a raina son rai, in kuɗin ba na cefanen gida ba ne ba kuma bashi ba, kuma duk safiya in ka ganshi ka ji daɗi, ai halalinka ne. Kada dai ka sa shi cikin lissafin jari.

Mai Garaji:
Hajiya ta faɗi gaskiya. In lalle miliyon ɗin na ƙaiƙayinka, ce ma ɗan uwan ya duba World Raid, wata irin Ténéré 700 ɗin da ta fito a 2022, tanki biyu lita 23, shokobza mai tsawo, can kam ƙarfe ka saya. Tahoua zuwa Yamai ya wuce kilometa 500, kuma wannan moto ba shi da karbireta, injekshon ne, man kwalba mai datti na toshe mishi famfo, to yawan tanki na ba ka damar kai wa tasha mai mai tsabta.

Ɗan Ader:
Na gode kwarai, Allah shi saka da alheri. Zan tambaye shi kuɗin World Raid ɗin yau da dare. Mai Garaji don Allah in na ɗauki na kowa, kana iya ɗaura mini farantin ƙasan a nan Tahoua ko sai na kai shi Yamai?